Ɗigon Shafa a Kan Taswira

In dai labarin Shafa'atu ƙanwata za a ba ku, gara ku ji shi daga bakina, don duk wanda kuka tambaya a Illela yabonta zai hau yi har sai kun gaji. Ni ce yayarta, Ummu, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba zan ɓoye muku ba, tun tana cikin zanen goyo nake jin ƙyashinta. Ina sonta, wannan daban. Amma ƙyashin ma yana nan, bai taɓa zuwa ko'ina ba.

Ni ɗiyar fari ce, kun kuwa san yadda ake yi da mu. Inna ba ta faɗin sunana, ba ta yi mini wasa a gaban mutane, in tana son kirana sai dai in ji ta ce “ke”. Wai kunya. Ana yaye ni aka kai ni gidan Gwaggo, sai da na yi wayo aka maido ni. Ita kuwa Shafa auta ce, sunanta a bakin Inna yake kwana yake tashi. Shafa zo ki ci, Shafa zo in yi miki kitso, wa ya taɓa mini Shafa. Baba kuma, Allah ya jiƙansa, fatauci yake yi tsakanin nan da Ƙonni. In ya dawo da dogon biredin nan na Nijar, ita yake fara gutsura wa, mu sauran mu jira a raba.

Abin da ya fi ba ni haushi, yarinyar ba ta ma san ana fifita ta ba. Da ta yi girman kai da na samu abin kamawa. Ina! Biredin da aka ba ta sai ta raba da ni. A Islamiyya ta ba da abincinta, ta ba da alƙalaminta, wata rana har takalminta ta dawo babu, wai wata ta fi ta buƙata. Ba a doke ta ba. Washegari sabo aka saya mata, ni kuwa nawa ya sha ɗinki wurin mai gyara har ya canza kama. Haka rayuwarta take tun farko: tana bayarwa, ana ƙara mata.

Ni na koyi ɗinki, hijabai da kayan yara, kuma ba yabon kai ba, hannuna yana da kyau. Shafa ko zare ba ta iya zurawa a allura ba. Amma ba ta hijabin da na ɗinka ta shiga gidan biki da shi, kafin a watse ta sayar, ta karɓo mini aikin wasu. Sai a ce, “Kai, Shafa akwai albarka.” Wadda ta wuni a kan keke bayanta yana ciwo, ba wanda ya tuna da ita.

Na auri Abdulmalik, malamin firamare, mutumin kirki mai haƙuri da tsohon babur. Ita ta auri Jabir, ɗan kasuwar albasa daga wani ƙauye can gaba da Garu, mai gona, mai mota, mai dariya kamar ba shi da matsala a duniya. Ranar da aka kai ta na ga ɗakinta, na dawo gida kaina yana sarawa, na ce wa Abdulmalik rana ce ta doke ni.

Jabir yana da wata ɗabi'a da ya samo wurin sana'a. 'Yan albasa in za a yi lodi, kowa da fenti yake rubuta sunansa a jikin buhunansa, don a mota ɗaya ake haɗa kayan mutane da yawa, ko za a Kudu ko za a tsallaka Nijar. Buhun da ba suna, ka yi ta shari'a a kansa. To shi abin ya bi masa jiki. Bokiti, buta, kujerar zama, har ragon layya sai ka ga an rubuta “Jabir Mai Albasa” da sunan ƙauyensu a ƙasa. Muna yi masa tsiya, mu ce saura Shafa ya rubuta mata a goshi. Ya ce yana nan yana neman fenti mai kyau.

Da ya ga matarsa tana son kasuwanci ta waya, sai ya sayo mata na'urar waifai, 'yar farar aba mai kama da kwanon sabulu, ya haɗa mata da sola, ya sa mata layin Nijar don a wajensu shi ya fi kamawa. Irin wannan na'ura, duk wanda ya matso kusa ya buɗe wayarsa zai ga sunanta ya fito, in yana da lambar sirri ya shiga intanet. Mai shagon ya tambaye shi wane suna za a sa mata. Mi kuke zato? Ya ce a rubuta yadda yake rubutawa a buhu, har da sunan ƙauyen.

Shafa ta buɗe kasuwa daga cikin ɗaki. Atamfa, turaren wuta, mayafai, kayan kwalliya da ake shigo mata da su daga Ƙonni. Ta shimfiɗa a gado, ta ɗauki hoto, ta sa a waya, ta yi magana a kai da muryar nan tata mai sanyi. Mata daga Gwadabawa, daga Sakkwato, har daga garuruwan da ba ta taɓa takawa ba suka yi ta aiko saƙo. Na gwada nima da hijabaina. Mutum uku ko huɗu suka duba, ɗaya daga cikinsu Shafa ce, ta rubuta mini “Ma sha Allah Yaya”. Na ji kamar in jefa wayar a rijiya.

Sai abin ya faru. Lokacin cirar albasa ne, Jabir yana dawowa daga gona da la'asar, mutanen daji suka tare shi suka tafi da shi. Nan kam ban yi ƙyashi ba, Allah ne shaidata, na yi kuka har muryata ta dushe. Ya daɗe a hannunsu. Aka sayar da gonar, aka sayar da motar, aka kwashe albasar da ya adana, dangi kowa ya kawo abin da ya samu, kafin aka sako shi. Mutumin da ya dawo ba shi ne wanda ya tafi ba. Ya rame, yana jan ƙafa, dariyar nan ta tafi. Ƙarar babur kawai zai ji, sai gumi ya karyo masa.

Ya gaya mana cewa sun san komai na gidansa, har inda yake ajiye makullin mota, wato akwai mai kai musu labari daga cikin ƙauyen. Sun kuma ce masa ya je ya tara, za su dawo. Don haka aka yanke shawara su ɓace. Aka baza magana cewa sun koma Ibadan wurin abokan cinikinsa, a ɓoye kuma aka kawo su Illela da yaransu, gidanmu. Abin da ake tsoro ɗaya ne: in labari ya koma ƙauyen cewa Jabir yana nan kusa, to ya isa kunnen waɗancan.

Muna da wani sashe a bayan gida, ɗaki biyu da ƙofarsa daban mai fita lungu. Na daɗe ina tanadinsa, ina son in sa keke na biyu in ɗauki 'yan mata masu koyo. Abdulmalik ya ba su shi ba tare da ya tambaye ni ba. Da ya tambaya zan hana ne? Ƙanwata ce fa. Amma a tambaye ni mana! Inna kuma, wadda take hannuna tun rasuwar Baba, ni ke mata ruwan zafi, ni ke murza mata gwiwa, ranar da suka sauka ta naɗe tabarmarta ta koma sashen baya da wuni. Sai barci ke dawo da ita wajena.

Sun yi takatsantsan, ba zan rage musu ba. Jabir ya jefar da layinsa, ya daina fita ko ƙofar gida, a ɗaki yake sallah. Maƙwabta mun ce musu mijin ƙanwata ne ba shi da lafiya, suka yi masa addu'a, ba wanda ya tsawaita tambaya. Shafa in za ta fita sai da niƙabi. Kasuwancinta ne ya zama abin da suke ci, amma ba ta gaya wa kowace mai saye inda take. Abdulmalik ne ke kai kaya tasha ya ba direbobi. Duk wannan an yi tunaninsa. Na'urar waifai kuwa, a cikin tukunya aka kawo ta naɗe da zane, aka jona ta, wayoyinsu suka kama da kansu kamar kullum. Wa ke duba sunan abin da ya saba da shi? Ko a ran ɗayanmu bai zo ba.

Kun san zaman lungu irin namu. Ba a hana maƙwabci garwashi, ba a hana gishiri, ba a hana aron turmi. Wadda ta hana, har 'ya'yanta sai sun ji a bakin mutane. Wata maƙwabciyarmu da ɗanta ke neman kuɗi a Aljeriya ta ji labarin akwai waifai a sashen baya, ta shigo ta roƙi lambar don ta riƙa ganin fuskarsa in suna magana. Shafa ta karɓi wayarta ta sa mata da hannunta. Daga ita sai wata, daga wata sai mazajensu. Kafin a ce haka, inuwar katangarmu ta baya ta zama majalisa, in rana ta karya maza su jeru kowa ya sunkuya a kan waya.

Ni da na yi shekaru a lungun nan, ba wadda ta taɓa aiko mini da ko ɗanwake sai da dalili. Shafa daga zuwanta kwanuka suka fara shigowa, wannan ta kawo dambu, waccan ta kawo kifin Kalmalo, kuma duk ta ƙofata ake wucewa da su, a gaishe ni a tsaye. Raina ya yi ta ɓaci. Na same ta na ce ta daina rabon lambar nan haka, za su cinye mata data. Ba don tsaro na faɗa ba, ban hango komai ba, haushi ne kawai.

Ta yi dariya ta ce, “Yaya, in sunka zo ɗibar wuta, hana su za ki yi?”

Inna tana gefe tana jan carbi, ta ce Allah ya yi wa Shafa albarka. Na tashi na ba su wuri.

Haka aka tafi har albasa ta sake kusa nuna. Wata rana da hantsi, ina kan keke, na ji sallamar wata mata. Na fito na ga baƙuwar fuska, da ƙullin daddawa da kuka a hannunta, tana ta fara'a. Ta ce ita ce Raliya, maƙwabciyar Shafa ta ƙauye, katanga ɗaya ta raba su. Kafin in buɗe baki in ce ta yi ɓatan kai, Shafa ta fito daga baya da tsintsiya a hannu, ba niƙabi. Suka yi ido huɗu.

Raliya ta rungume ta tana cewa, “Ashe kuna nan kusa! Mu anka ce muna kun tahi Ibadan.”

Ƙanwata ta ajiye tsintsiyar. Ta tambaye ta a hankali wa ya gaya mata. Raliya ta zauna a tabarma ta ba da labarin da murnarta, kamar wadda ta kawo albishir. Wai mijinta yana da wata manhaja a waya da yake neman waifai na kyauta da ita in ya shigo gari. In ka buɗe ta, taswirar gari za ta fito, da ɗigo-ɗigo a kan gidaje da shaguna, kowane ɗigo da sunan waifai ɗin wurin da lambar shiga. Ranar kasuwar da ta wuce yana kusa da tasha yana dubawa, sai ga “Jabir Mai Albasa” da sunan ƙauyensu ɓaro-ɓaro. Ya yi mamaki, ya koma gida ya nuna a majalisa bayan sallar magariba. Wayar ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, kowa yana son ya gani da idonsa. Ta ce kowa ya yi murna. Ita kuma da taswirar aka kwatanta mata, ga ta ta zo ba ta ko tambayi hanya ba.

Jabir yana ɗaki, labule kawai ya raba su, ya ji komai. Shafa kuwa ta tashi ta kawo wa baƙuwar ruwa, ta zubo mata abinci, ta tambayi lafiyar mutanen ƙauye ɗaya bayan ɗaya, da za ta tafi har da turaren wuta ta ƙulla mata. Sai a bakin ƙofa ta roƙe ta kada ta ƙara faɗa wa kowa. Nan ne Raliya ta gane abin da aka yi, ta dafe ƙirji ta yi ta rantsuwa. Amma wa ya rage bai ji ba? Ko a wannan halin sai da na ji ƙyashin natsuwar yarinyar nan. Da ni ce da tuni na tara wa kaina jama'a da ihu.

Da Abdulmalik ya dawo daga makaranta ya nemo manhajar ya sa a wayarsa, muka taru a kansa. Ga lungunmu kamar daga sama ake kallonsa, ga kwanar masallaci, ga wurin mai niƙa, ga ɗigo shuɗi zaune daram a bayan gidana. Ya taɓa shi, sunan ya fito, lambar ta fito. Jabir ya dube shi ya daɗe, sunan da shi da bakinsa ya ce a rubuta, sannan ya koma ɗaki.

Na so a gano wanda ya yi wannan aiki in ci masa mutunci, don raina yana neman wanda zai sauke a kansa. Abdulmalik ya ce ba lallai ne wani ya yi da gangan ba. Yadda ya fahimta, in mutum yana da irin wannan manhaja a wayarsa, ya shiga waifai ɗin wani, tana iya kwashe sunan da lambar da wurin ta aika da kanta, mai wayar bai ma sani ba. Cikin masu zaman katanga ko matan lungu, kowa zai iya zama shi. Kuma ba 'yan Illela kaɗai ke gani ba, duk wanda ke da manhajar, ko a ina yake, ko a daji ne in dai akwai sabis, zai gani. Na tambaye shi da izinin wa aka sa gidana a idon duniya. Ya ce ba wanda aka tambaya.

A ranar aka canza sunan, aka canza lambar. Ɗigon bai motsa ba, da tsohon sunan yake. Aka kashe na'urar gaba ɗaya, Shafa ta maida ta cikin tukunya. Ɗigon yana nan. Abdulmalik ya lalubo inda ake kai ƙorafi, ya rubuta musu da Turanci cewa rai ne a ciki, ya sake rubutawa, ko tari ba su yi ba. Maƙwabta suka ji haushin an rufe waifai, suka fara guna-guni, amma kun san wa suka ɗora wa laifin? Ni. Wai yayar ce mai baƙin ciki ta zuga ta. Ba damar in yi bayani, haka na haɗiye.

Mutanen lungu sun daina zaman katanga, sai baƙi suka maye gurbinsu. Direbobi masu jiran lodi, matafiya da suka maƙale a bakin iyaka, duk wanda taswirar ta ce masa ga waifai kyauta nan kusa. Su zo su tsaya, su yi ta latse-latse, in ya ƙi kamawa wasu har su ƙwanƙwasa ƙofar baya su tambaya ko an canza lamba. Yawancinsu bayin Allah ne masu neman kiran gida. Amma ta yaya za ka bambanta? Duk babur ɗin da ya tsaya, sai Jabir ya miƙe tsaye a tsakiyar ɗaki yana rarraba ido, yaransu su ruga su maƙale a jikin Inna. Ya daina cin abincin kirki. Shafa kuma da datar waya ta ci gaba da kasuwarta, tana tsayawa a kusurwar tsakar gida inda sabis ke kamawa, idanunta jawur, muryarta kuwa a saƙon da take aikawa kamar ba abin da ke damunta. Lokacin ne ma ciniki ya ƙara buɗe mata, don ana shirin bukukuwa.

Wata rana da azahar mai ruwan da ke kawo mana jarkoki ya ja Abdulmalik gefe. Ya ce wasu mutum biyu a kan babur, sun naɗe fuska da rawani, sun tsaya a bayan gidan. Naɗe fuska ba wani abu ba ne a nan, kowa yana yi don rana. Amma su ba waifai suka nema ba. Sun duba waya, sun duba katanga, sannan suka tambaye shi wace ce ƙofar mai albasa, kuma ko gidan yana da wata mafita ta gaba. Ya ce musu shi ruwa kawai yake kawowa. Wataƙila tsofaffin abokan kasuwarsa ne suka zo gaisuwa. Wataƙila ba su ba ne. Har yau ba mu sani ba.

Jabir ya ce ba zai zauna jiran amsa ba. Shafa ba ta yi gardama ba, ta karyar da kayan da suka rage mata ga matan lungu, ta raba kwanukanta, ta fara ɗaure kaya. Aka sa tafiyar ranar kasuwa, lokacin da gari ke cika da motoci da dabbobi, ba mai lura da wanda ya shiga ko ya fita. Na taya ta haɗa kaya ina hawaye, hawayen kuma na gaskiya ne. Amma can ƙasan raina akwai wani ɗan sanyi, ba zan yi muku ƙarya ba. Na ce to, sashena zai dawo, matan lungu za su tuna akwai ni, uwata za ta dawo da tabarmarta ƙofar ɗakina.

Motar da za ta ɗauke su ta zo da rana tsaka ta ƙofar gaba. Ana ta loda kaya, sai na hango jakar Inna a kan buhun gero, da butarta, da ledar magungunanta. Na ɗauka kuskure ne, na miƙa hannu zan ɗauke, sai ga ta ta fito da mayafinta na unguwa, tana dogara sanda. Ashe sun gama magana tuntuni, har Abdulmalik ya sani, ni kaɗai aka bari.

Na ce, “Inna, mi ke nan? Ina za ki?”

Ba ta dube ni ba, tana gyara bakin mayafi ta ce, “Yarinyar nan ga miji ba lahiya, ga ƙananan ɗiya. Ke ai kin iya da kanki.”

Na iya da kaina! Shekara da shekaru ina ɗawainiya da tsohuwar nan, ladan da na samu ke nan, an ce na iya da kaina. Ko addu'ar hanya ban yi mata ba. Shafa ta rungume ni tana kuka, tana roƙon in yafe mata wahalar da suka ɗora mini, ta ce in sun natsu za ta gaya mini inda suke. Jabir ya shiga baya ya kwanta kamar marar lafiya, aka rufa masa zane. Motar ta bi ta cikin turmutsutsun kasuwa, ban ma ga ko hanyar Sakkwato ta ɗauka ko ta Ƙonni ba.

Sashen baya yana nan a rufe. Ban sa keken ba, wace uwa za ta turo ɗiyarta koyon ɗinki a ɗakin da ke jikin katangar nan? Ƙofar lungu mun sa an toshe ta da bulo. Yarana na hana su wasa a baya. Abdulmalik yakan buɗe manhajar lokaci-lokaci ya duba, ya girgiza kai ya mayar da wayar aljihu, ba sai na tambaya ba. Masu sunan sun tafi, sun tsira in Allah ya yarda, sunan kuwa yana kan gidana, ni da ko albasar miya sai na saya. In babur ya tsaya a baya yanzu, ni ce ke miƙewa tsaye a tsakiyar ɗaki.

Suna kira jefi-jefi, da lambar da ba ta fitowa a waya. Shafa takan ce suna lafiya, Jabir ya fara cin abinci, ta kuma samu masu saye a inda suke, dama wa zai yi shakka. In na tambayi gari sai ta ce tukuna dai Yaya, a ƙara haƙuri. Rannan ta ba Inna wayar ta tafi duba girki. Muka gaisa, na tambayi gwiwarta, sannan na sassauta murya na ce ta gaya mini ko sunan garin ne, ba don komai ba, don in san inda zan nufa in wani abu ya taso.

Ta ce, “Shafa ta ce kar a gaya ma kowa.”

Na ce, “Inna, ni ce fa.”

Ta ce ta sani, in gai da Malam da yara. Daga nesa na jiyo muryar Shafa tana tambaya ko ta sha maganinta, Inna ta amsa mata da fara'a cewa yanzu za ta sha, ta kashe wayar.